Yadda Na'urorin Gida Za Su Ci Gaba da Aiki da Juna Idan Intanet Ya Ɗauke

A Damagaram an saba, da zarar intanet ya ɗauke, sai a ce babu rezo, a ajiye salula, wani lokaci ma a kashe akwatin wifi gaba ɗaya don kada ya sha wuta a banza. Na sha ganin haka a gidaje da shagunan buga takardu, kuma abin yana damuna, domin da yawa daga cikin ayyukan da ake dakatarwa a irin wannan lokaci ba su da wata buƙata da intanet. Takardar da ke cikin kwamfuta tana iya zuwa firinta, hoton kyamarar ƙofar gida yana iya fitowa a salula, karatun da aka ajiye a kwamfutar ɗaki yana iya bayyana a talabijin, duk ba tare da an taɓa data ba. Sharaɗin shi ne a shirya na'urorin tun intanet yana nan, sannan a gwada shirin da gangan kafin ranar da za a neme shi.

Dalilan ɗaukewar intanet a wurinmu suna da yawa. Nijar ba ta da bakin teku, saboda haka layinmu yana ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ya kai ga manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa. A ranar 14 ga Maris 2024, huɗu daga cikin waɗannan wayoyi, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a kusa da gaɓar Kwadebuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, har da tamu, suka shiga matsala, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Ban da irin wannan babban lamari, akwai na yau da kullum: eriyar unguwa ta tsaya, masu haƙa su tsinke waya, ko forfe ya ƙare da tsakar dare. In ka cire forfe, babu ɗaya daga cikinsu da ke hannunka, amma duk abin da ke faruwa daga bangon gidanka zuwa ciki kai ne mai iko da shi.

Akwatin wifi, wanda wasu ke kira boks, masu gyara kuma su ce rutar, kamar zauren gida yake. Yana da ƙofa ɗaya mai fita titi, wadda ake rubuta wa WAN a jikinsa, ko kuma katin SIM da ke cikinsa ya tsaya a madadinta. Yana kuma da ƙofofin shiga tsakar gida, wato ramukan kebul da aka rubuta wa LAN, tare da wifi ɗin kansa. Idan aka rufe ƙofar titi, aike ba ya fita, baƙo ba ya shigowa, amma mutanen gida suna ci gaba da magana da juna. Abin da ba zai yi aiki ba shi ne duk wata manhaja da saƙonta sai ya je waje ya dawo. WhatsApp da Facebook da Telegram suna cikin wannan rukuni, domin ko mutum biyu suna zaune a tabarma ɗaya, saƙon da ɗaya ya aika sai ya kai ga manyan kwamfutocin kamfanin kafin ya dawo wurin ɗayan.

Kada ka taɓa ramin Reset

Abu na farko da za ka yi idan intanet ya ɗauke shi ne ka dubi fitilun akwatin. Idan fitilar wuta da ta wifi suna kunne, ta intanet kaɗai ce ta mutu ko ta koma ja, to rezon gidanka lafiyarsa lau, matsalar tana waje. Ka bar akwatin a kunne. In kana so, ka kashe shi na rabin minti ka sake kunnawa sau ɗaya, wannan ba ya ɓata komai. Amma ɗan ramin nan da aka rubuta wa Reset, wanda ake tura wa allura ko tsinke, aikinsa daban ne: yana goge duk saitin da aka yi wa akwatin, ya mayar da shi yadda ya fito daga masana'anta. Sunan wifi da kalmar sirri da lambobin da aka ware wa na'urori duk sai su tafi.

Na taɓa zuwa gidan wani dattijo da na haɗa wa kyamarori, na tarar da ɗansa ya danna wannan rami saboda intanet ya yini bai dawo ba. Yaron ya ce mini, "Malam, ai na ɗauka gyara ne." Ba laifinsa ba ne, don babu wanda ya taɓa yi masa bayani. Intanet ya dawo da kansa da yamma, amma sai da muka bi kyamarorin ɗaya bayan ɗaya, da tsani, muna sake koya musu sabon wifi. Tun daga ranar nake liƙa ɗan salatif a kan ramin a duk gidan da na yi aiki, in kuma shiga saitin akwatin in sauke kwafinsa in ajiye a kile. Yawancin akwatuna suna da wannan zaɓi, wanda a saitin Faransanci ake rubuta wa Sauvegarde.

Wuta

A garinmu ɗaukewar wuta ta fi ɗaukewar intanet yawa, kuma sau da yawa tare suke zuwa. Wuta mai yawa da ƙasarmu ke sha daga Nijeriya take shigowa, kuma kowa yana tune da abin da aka gani bayan da aka katse ta a watan Agusta 2023. Akwatin da ba shi da wuta kuwa ba ya haɗa kowa da kowa, saboda haka duk sauran shirin a kan wannan ya dogara.

Ka juya cajar akwatin ka karanta abin da aka rubuta. Galibi za ka ga 12V da 1A, wasu kuma 9V. Idan ka ninka bolt da amfiya za ka sami wat, wato bolt 12 sau amfiya 1 ya ba da wat 12, wanda shi ne iyakar abin da cajar ke iya bayarwa, akwatin kansa kuma yawanci ƙasa da haka yake sha. Mu ɗauka yana shan wat 8. Ƙaramin batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 7Ah yana ɗauke da wat 84 na awa guda, amma batirin dalma ba a so a sauke shi ƙasa da rabi idan ana son ya yi ƙarko, don haka abin da za ka mora 42 ne, wanda zai riƙe akwatin kimanin awa 5. Fawabank mai 20,000mAh yana ɗauke da kusan wat 74 na awa guda, idan ka cire asarar da ake yi wajen ɗaga wutar daga bolt 5 zuwa 12 sai ya rage kamar 55, wato kusan awa 7. Ana sayar da kebul na musamman mai yin wannan ɗagawa. Sai dai wasu fawabank suna yanke wuta na ɗan lokaci duk sa'ad da aka jona su a caji ko aka cire, akwatin ya mutu ya sake tashi, shi ya sa na fi son ƙananan akwatunan batir da aka ƙera musamman don wifi, masu fitar da bolt 9 da 12 kai tsaye, waɗanda ke karɓar aiki nan take ba tare da akwatin ya ji an ɗauke wuta ba.

Wanda yake da sola a gida yana iya jan wutar akwatin daga batirin, amma kada ya jona kai tsaye. Batirin da ake kira mai bolt 12 yakan haura 14 a lokacin da rana ke cajinsa, wannan kuma yana iya ƙona akwati. A sa ƙaramar na'ura mai daidaita wuta a kan bolt 12, a sa fiyus, a kuma tabbatar da gefen + da gefen − kafin a jona, domin a yawancin akwatuna tsakiyar bakin caja shi ne +. Kunna babbar inbata saboda akwati kaɗai asara ce, tunda za a ɗaga wuta daga 12 zuwa 220 sannan caja ta sake sauke ta zuwa 12, inbatar kuma tana shan nata rabon ko babu abin da aka jona mata.

Zafi ma abin lura ne. Akwatuna da yawa an rubuta a takardarsu cewa iyakar zafin da suke jurewa digiri 40 ne, a watannin Afrilu da Mayu kuwa Damagaram takan wuce haka. Kada ka ɗora akwati dab da rufin kwano, kada ka rufe shi da ƙyalle don tsoron ƙura, gara ka riƙa kakkaɓe shi a lokacin hunturu. Batirin da ya kumbura a cire shi nan da nan. Da damina kuma, idan hadari ya haɗo da tsawa, a zare caja daga bango, a zare duk kebul da ya ratsa waje daga wani sashe na gida zuwa wani.

Kowace na'ura da lambarta

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Duk na'urar da ta shiga rezon gida tana samun lamba mai kashi huɗu, wadda ake kira adireshin IP, kamar 192.168.8.105. Lambobin da suka fara da 192.168, da masu farawa da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, an keɓe su ne don amfanin cikin gida, ba a tafiya da su a kan intanet. Akwatin ne ke raba su ta wani tsari da ake kira DHCP, kuma aro yake bayarwa na wani wa'adi, wani akwatin awa biyu, wani kwana guda. Idan wa'adin ya kai rabi, na'urar takan nemi a sabunta mata. Muddin akwatin yana kunne, wannan rabo yana gudana ko da intanet ko babu.

Matsalar tana tasowa ne bayan an ɗauke wuta an dawo da ita. Na'urori suna tashi ba bisa tsarin da suka tashi jiya ba, sai firintar da take 105 ta koma 108, kwamfuta kuma ta ci gaba da aika takarda zuwa 105, inda yanzu salular wani ce ke zaune. Mai shago ya ga firinta ta ƙi aiki, ya ga kuma intanet ba ya nan, sai ya ɗora laifin a kan intanet, alhali lamba ce ta sauya. Maganin shi ne a ba na'urorin da ake nema, wato firinta da na'urar naɗar hotunan kyamara da kwamfutar da ake ajiye fayiloli, lambar dindindin. Wayoyin salula ba sa buƙatar haka, domin su ne masu nema.

Da farko ka san lambar akwatinka. Tana rubuce a takardar da aka liƙa a ƙarƙashinsa, tare da sunan shiga da kalmar sirri. Akwatunan Huawei masu SIM galibi 192.168.8.1 ne, na TP-Link kuma 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. A kwamfuta mai Windows kana iya danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta cmd, sannan ka rubuta ipconfig, lambar da ke gaban Passerelle par défaut ita ce ta akwatin. Ka rubuta wannan lamba a Chrome ko Firefox, a wurin da ake rubuta adireshin shafi, za ta buɗe maka saitin akwatin ba tare da intanet ba. Ka nemi sashen DHCP ka ga daga ina zuwa ina yake rabo. Idan, alal misali, yana rabo daga 100 zuwa 200, to lambobin da ke tsakanin 2 da 99 babu mai taɓa su, daga cikinsu za ka zaɓa: kwamfuta 192.168.8.10, firinta 192.168.8.20, na'urar kyamara 192.168.8.30.

Hanya biyu ake bi wajen tabbatar da lambar. Ana iya gaya wa akwatin ya riƙa ba wata na'ura lamba ɗaya kullum, ta hanyar lambar MAC da aka ƙera ta da ita. Ana kuma iya shiga saitin na'urar kanta a rubuta mata lambar da hannu, a sa 255.255.255.0 a gurbin Masque, a sa lambar akwatin a gurbin Passerelle da na DNS. Ni dai hanya ta biyu nake bi wa firinta da na'urar kyamara, saboda lambar tana zaune a jikinsu ko akwatin ya mutu. Idan an haɗa su da kebul ta ƙaramar na'urar rarraba kebul da masu sana'a ke kira suwic, za su ci gaba da ganin kwamfuta ko an ɗauke akwatin daga gidan baki ɗaya. Na'urar da ba ta da lambar dindindin kuwa, idan wa'adin aronta ya ƙare ba ta sami mai sabunta mata ba, sai ta ba kanta wata lamba mai farawa da 169.254. Duk sa'ad da ka ga wannan lamba a kwamfutarka, ka san cewa ba ta jin akwatin, ka duba kebul ko wifi ko wutar akwatin.

Sharaɗi biyu ne kada ka manta: kashi uku na farko na lambar su zama iri ɗaya a duk na'urorin gidan, na huɗu kuma kada na'ura biyu su yi tarayya a kansa. Ka rubuta kowace lamba a salatif ka liƙa a jikin na'urar, ka kuma rubuta su duka a takarda ɗaya ka ajiye kusa da akwatin. Don gwaji, a wurin da ka rubuta ipconfig ka rubuta ping 192.168.8.20. Idan ka ga Réponse de tare da lambar firintar, hanya a buɗe take.

Salular da ke guje wa wifi

Wayoyin salula na zamani suna da wata ɗabi'a da ke rikita mutane. Da zarar salula ta shiga wifi, takan aika ɗan saƙon gwaji zuwa waje don ta ga ko akwai intanet. Idan ba ta sami amsa ba, sai ta sa alamar motsin rai a kan wifi ɗin, ta koma amfani da datar SIM a ɓoye, ko ma ta fice daga wifi ɗin gaba ɗaya. Kai kana ganin kamar tana cikin rezon gida, alhali saƙon da kake aika wa firinta ta ƙofar titi yake fita. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kashe datar SIM a duk lokacin da kake son magana da na'urorin gida. Idan Android ta tambaye ka ko ta ci gaba da zama a wifi marar intanet, ka amsa da e, ka kuma zaɓi kada ta sake tambaya. A iPhone ka kashe Assistance Wi-Fi, ka kuma tabbata ka ba manhajar da kake amfani da ita izinin Réseau local.

Idan duk da haka na'urorin ba sa ganin juna, ka duba abu uku. VPN, wato manhajar da ke karkatar da saƙon salula ta wata kwamfuta a waje, wanda matasa da yawa ke barinsa a kunne, yana iya toshe hanyar cikin gida, a kashe shi. Wifi na baƙi, wanda wasu akwatuna ke fitarwa da suna na biyu, an yi shi ne musamman don ya hana baƙo ganin na'urorin gida, don haka kada firinta ko kyamara ta zauna a kansa. Akwai kuma wani zaɓi a saitin wifi mai suna Isolation, wanda ke raba kowace na'ura da ƴar'uwarta, shi ma a kashe. A Windows kuma ka sa rezon gidanka a matsayin Privé, domin idan yana Public kwamfutar takan ɓoye kanta.

Firinta da kyamara da fayiloli

Firinta a saka ta a kwamfuta ta hanyar lambarta, ba ta manhajar kamfanin da ke neman a buɗe asusu ba. Windows yana da zaɓin ƙara firinta da adireshin IP, ka bi shi, ka kuma ajiye direban firintar, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, a kile tun yanzu, don ranar da za ka neme shi ba za ka iya sauke shi ba. Kebul ɗin USB na firinta kada ya ɓace, shi ne mafita ta ƙarshe. Mai shirin sayen sabuwa kuma ya yi tambaya da kyau, domin akwai masu tsarin biyan kuɗin tawada wata-wata, waɗanda ke daina bugawa idan suka daɗe ba su ga intanet ba.

Kyamara ta fi ba da wahala. Yawancin masu haɗawa suna ɗaukar hoton lambar QR da ke jikin na'urar, hoto ya fito a salular mai gida, a sallame su. Wannan hanya ta kwamfutocin kamfanin take bi, shi ya sa ranar da intanet ya ɗauke mai gida yana zaune a ɗakinsa ba ya iya ganin ƙofarsa. Ka buɗe manhajar ka ƙara na'urar a karo na biyu, wannan karon ta zaɓin IP, ka rubuta lambar dindindin da ka ba ta, da sunan shiga da kalmar sirrinta. Na'urorin Hikvision suna amfani da mashiga mai lamba 8000, na Dahua kuma 37777. Ka sa wa shigarwar farko suna Waje, ta biyu kuma Gida, don iyali su san wadda za su taɓa. Naɗar hoto a faifan na'urar ko a katin memori ba ta tsayawa saboda rashin intanet, amma agogo yana iya ɓacewa. Kyamarori da yawa daga intanet suke ɗaukar lokaci, idan wuta ta ɗauke ta dawo babu intanet sai kwanan wata ya koma shekarar 1970 ko 2000, hoton da aka naɗa a daren kuma ya yi wuyar nema ranar da aka yi sata. Ka saita kyamarorin su riƙa ɗaukar lokaci daga na'urar naɗa, ka tabbata ƙaramin batirin agogon da ke cikinta yana da rai, ka sa ta a kan lokacin Nijar, wato GMT+1. Idan za ka sayi sabuwar kyamara, ka nemi wadda aka rubuta ONVIF ko RTSP a kwalinta, domin irin waɗannan ana iya kallonsu a cikin gida ba tare da an bi ta kamfani ba.

Tura fayil kuwa mun riga mun saba da shi ta Xender da Bluetooth. Ga wanda ke son turawa tsakanin salula da kwamfuta, manhajar LocalSend kyauta ce, tana aiki a Android da iPhone da Windows muddin suna wifi ɗaya. Idan ka buɗe wani kundi a kwamfuta don rabawa, VLC, wato manhajar kunna bidiyo da sauti, da ke salula ko talabijin mai Android zai gan shi, a kunna karatun malamai ko darasin yara daga can. Gidan da ke da ɗalibai, ko na lakwal ko na Jami'ar André Salifou, ina ba su shawarar Kiwix, wadda ke sauke Wikipedia gaba ɗaya, ta Hausa ko ta Faransanci, a ajiye a na'ura guda, sauran mutanen gida su riƙa karantawa ta wifi. Duk waɗannan sai an sauke su tun da sauran intanet.

Akwati naka na kanka

Wasu akwatunan da ake samu tare da layi ba sa barin mai gida ya shiga saitinsu sosai, ƙananan na aljihu kuma sukan kashe wifi idan suka ɗan jima babu mai amfani da su. Idan gidanka ko shagonka ya dogara da firinta da kyamara, ka sayi rutar naka daban, ka jawo kebul daga ramin LAN na akwatin layi zuwa ramin WAN na naka, ka mayar da dukan na'urori kan naka, ka kashe wifi na wancan. Ka tabbata lambobinsu sun bambanta, idan na layi 192.168.8.1 ne, naka ya zama 192.168.0.1, lambobin dindindin kuma su bi tsarin naka. Amfanin wannan shi ne kana iya sauya SIM ko kamfani ko akwatin layi ba tare da ka taɓa ko kyamara ɗaya ba. A gidajen ƙasa masu kaurin bango irin na unguwar Birni, wifi mai alamar 2.4GHz ya fi mai alamar 5GHz ratsa gini, kebul kuma ya fi su duka, yana kai mita 100 ba tare da ya raunana ba.

Idan akwatin ne da kansa ya mutu, salula mai Android tana iya tsaya masa na ɗan lokaci. Ka kunna rabon wifi nata, ka sa masa suna da kalmar sirri daidai da na akwatin, harafi da harafi, sai na'urori su shigo da kansu, kuma a yawancin wayoyi wannan yana aiki ko data a kashe take. Sai dai salula tana raba lambobi na wani tsari daban, don haka na'urorin da ka rubuta wa lamba da hannu ba za su sadu da sauran ba sai ka mayar da su kan karɓar lamba da kansu.

Gwaji

Ka zaɓi wata rana da babu aikin gaggawa, ka katse intanet da hannunka. Idan layinka na kebul ne, ka zare na ramin WAN. Idan na SIM ne, ka kashe akwatin, ka cire katin, ka sake kunnawa. Sannan ka buga takarda daga kwamfuta, ka buga daga salula, ka buɗe kyamara, ka tura fayil, ka rubuta duk abin da ya ƙi.

Mataki na biyu ya fi muhimmanci, kuma shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa. Intanet yana katse, ka kashe dukan na'urorin, har da salula, ka sake kunna su. Na'urori da yawa suna ci gaba da aiki idan intanet ya ɗauke suna kunne, amma idan suka tashi daga mutuwa ba su same shi ba sai su tsaya, wata manhajar ta nemi ka sake shiga asusunka, wata kyamarar ta yi ta jiran kamfaninta. Tunda a wurinmu wuta da intanet sukan tafi tare, wannan shi ne halin da za ka fi samun kanka a ciki. Daga ƙarshe ka zare cajar batirin akwatin daga bango, ka duba agogo, ka ga awa nawa zai riƙe a zahiri, ka rubuta adadin a takardar nan ta lambobi. Ka yi gwajin tare da uwargida da manyan yara, domin sau da yawa su ne a gida lokacin da abin zai faru, kuma ka maimaita shi duk sa'ad da ka sayi sabuwar na'ura.

Idan intanet ya dawo bayan doguwar ɗaukewa, kwamfuta da wayoyi sukan far wa layin a lokaci guda, suna sauke sabuntawa, suna ɗora hotunan da suka taru, har forfe ya ƙare kafin a ankara. Ka sa wifi ɗin gida a matsayin Connexion limitée a Windows don rage wannan, ka mayar da datar SIM da VPN da ka kashe, sannan ka leƙa na'urar kyamara ka tabbata kwanan wata da agogonta sun dawo daidai.